Guduma, sifika da ƙwallon Ostireliya: yadda na fita daga ƙuncin zama a Melbon

A shagon kafinta na tashi, a Zariya. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ƙofofi da tagogi da bencin makaranta yake yi, kuma tun kafin in iya karatun boko sosai na iya miƙe lanƙwasasshiyar ƙusa a kan dutse. Bai so in gaje shi ba. Da ya ga na daɗe da zarto a hannu sai ya ce, “Ajiye, je ka ɗauki littafinka.” Na karanci injiniyan injuna, na ɗan yi aiki a Kaduna, sannan a 2012 na samu bizar ƙwararru muka tafi Ostireliya da maiɗakina, ɗanmu na fari yana goye.

A yammacin Melbon muka sauka, ɓangaren masana'antu da baƙi, inda haya take da dama-dama. Na samu aiki a wani ƙaramin kamfani da ke ƙera wa masu haɗa motoci kayayyaki, har a 2015 muka ci bashin banki muka sayi wani tsohon gidan katako da kowa ya ƙi saboda ya karkace. Ashe sana'ar da na shiga tana kan gargara. Ford ya daina ƙera mota a ƙasar a watan Oktoban 2016, Toyota da Holden suka bi sahu a Oktoban 2017. Da manyan suka tsaya, mu ƙanana ba wanda zai sayi abin da muke yi. Aka sallame mu.

Rashin aiki a ƙasar waje yana da nasa ɗaci daban. Mutanen gida sun san kana can, a wajensu kuwa wanda ke can ya haye, to da wane baki za ka ce wa mahaifiyarka wannan watan ba za ka aiko ba? Na riƙa cewa lafiya lau a waya, in ajiye in zauna ina kallon bango. Barci ya ƙaurace min. Sallar jam'i ma na fara gudu, don kada a tambaye ni ina aiki. Ba na faɗa da kowa, amma yara sun daina shigowa ɗakin da nake. Wata rana maiɗakina ta ce, “Abban yara, wannan ba gajiya ba ce. Don Allah mu je wajen likita.” Na je ne don in huta da maganarta. Likitan unguwa ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta min takardar da ke ba mutum damar ganin masanin halayyar ɗan'adam har sau 10 a shekara, tsarin Medicare na gwamnati ya biya wani kaso. Duk ɗan'uwan da ke ƙasar yana da katin Medicare ya san da wannan, haƙƙinsa ne, kuma bai hana addu'a ba. Ni duka biyun na haɗa.

Wannan likita ne ya tura ni Men's Shed, wato rumfunan aikin hannu na maza da ke warwatse a ƙasar, sun haura dubu. Yawanci tsofaffi ne da suka yi ritaya ko matansu suka rasu. Ba mai tambayarka abin da ke damunka. Za a miƙo maka katako a ce ka riƙe nan. A can hannuna ya tuna abin da ya sani, a can kuma wani dattijo da ya ƙare rayuwarsa a aikin gini ya bi ni gida, ya zagaya sau ɗaya, ya ce kada in kuskura in sayi fenti tukuna.

Dalilinsa shi ne babban abin da na koya game da tsohon gida: aiki yana da jeri, wanda ya tsallake jerin zai biya sau biyu. Daga ƙasa ake farawa. Irin waɗannan gidaje ba su da harsashin kankare, a kan turaku suke zaune, gajerun ginshiƙai na jan katako mai tauri da aka kafa a ƙasa. Ƙasar yammacin Melbon kuwa baƙar laka ce irin ta fadama, ta sha ruwa ta kumbura, rani ya yi ta dare, gida yana hawa yana sauka tare da ita. Alamomin a fili suke: ƙofa ta ƙi rufuwa a wani lokaci na shekara, bango ya tsage daga kusurwar taga, ka ajiye ƙwallo a daɓe ya gangara da kansa. Sai ka ɗauki tocila da sukundireba ka rarrafa ƙarƙashin gidan, ka caki kowane turke daidai inda ya haɗu da ƙasa, domin a nan yake ruɓewa alhali samansa na nan garau. In sukundireba ya shige, turken ya mutu. Sauya su ba aikin mai gida ba ne. Sai da izinin gini da magini mai rajista, a ɗaga gidan da jak a hankali, a kafa na kankare, a daidaita da lebur. Lokacin ɗagawar nan bangon ciki zai tsattsage, ba makawa. Shi ya sa wanda ya riga ya yi shafe da fenti ya yi asarar kuɗinsa. Bayan turaku sai rufi da indararo, sai wayar wuta, sai bututun ruwa, sai shafen bango, fenti shi ne auta.

Wuta da ruwa ma ba a taɓa su. Mu da muka saba kowa ya ja wayarsa, wannan yana mana wuyar haɗiya, amma doka ta hana wanda ba shi da lasisi sauya ko soket ɗaya, kuma in gobara ta tashi daga aikin da ka yi da kanka, kamfanin inshora na iya juya maka baya. Mai lasisi yana gamawa zai ba ka takardar shaidar aikin, ka adana ta. A gidajen da suka tsufa sosai za ka tarar da waya mai rigar roba wadda ke marmashewa da an taɓa ta. A famfo, robar da ke hana ɗiga ce iyakarka. Kafin ka haƙa rami a tsakar gida kuma akwai hukumar da ke aiko maka taswirar bututun gas da wayoyin da ke binne, kyauta, ta intanet.

Abu biyu ne ke kisa a tsohon gida ba tare da sun yi ƙara ba. Na farko asbestos, wanda muka sani a silin gidajenmu, har ake yanka shi da zarto fuska a buɗe. Ostireliya ta haramta shi gaba ɗaya a ƙarshen 2003, kuma duk gidan da aka gina kafin 1990 ana ɗauka yana da shi har sai gwaji ya nuna babu: a ƙarƙashin bakin rufi, a bangon banɗaki da wajen wanki, a tsohuwar garejin baya, wani lokaci a ƙarƙashin ledar daɓe. In yana zaune lafiya da fentinsa, ba ya cutarwa. Hudawa, gogewa da fasawa ne ke sakin ƙurarsa, ita kuma ta kwanta a huhu shekara ashirin, talatin, arba'in kafin ta fito da sankara. Na biyu dalma. Fentin gidajen da suka riga 1970 yawanci yana ɗauke da ita, kuma mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon wa'azi. Ana sayar da ɗan abin gwaji mai arha: ka yanki fentin har ka kai katako, domin dalmar tana can a shafin ƙasa, ka goga, in launi ya sauya to akwai. Daga nan ba batun injin samfefa a bushe, ba batun ƙonawa da wuta. Sai a jiƙa, a kankare da hannu, a shimfiɗa leda ta tare ɓarɓashin, a sa takunkumi mai lamba P2, yara da mai juna biyu su yi nisa, kayan aikin kuma a wanke su daban.

Fentin waje shi ne aikin da ya cinye min mafi yawan lokacin zaman banzan nan, kuma ina gode masa. Allunan bangon a jere suke, kowane ya ɗan hau kan na ƙasansa. A wanke da sabulun bango a bari ya bushe sarai. A cake kowane allo, wanda ya yi laushi a cire shi. A nutsar da kan ƙusoshi, a cike da foti, a shafa fentin farko a duk inda katako ya fito tsirara. Inda mutane suka fi ɓata aiki shi ne cike tsagar da ke ƙarƙashin kowane allo don ta yi kyau. Ta nan danshi ke fita. In ka toshe ta, fentin zai kumbura ya yi ƙuraje cikin shekara biyu. Mahaɗar tsaye kawai ake cikewa, da gefen taga da ƙofa. Sai shafi biyu na fentin gamawa, awa biyu tsakani in mai ruwa ne. Lita ɗaya tana rufe kimanin murabba'in mita 16 a shafi ɗaya, da haka za ka lissafa abin da za ka saya. Kada a shafa in sanyi ya yi ƙasa da digiri 10, kada a shafa a bangon da rana ke duka, inuwa ake bi tana zagaya gida ana binta. A can rana ta arewa take ratsawa, saboda haka bangon arewa da na yamma su ke fara tsufa, na kudu kuma shi ke yin gansakuka. Tsani a kafa shi mita ɗaya baya ga kowane mita huɗu na tsawo, kansa ya wuce indararo da mita guda. Ranar da aka yi shelar hana kunna wuta saboda gobarar daji, walda da giranda a waje sun haramta. Injin aiki kuma ba a tayar da shi kafin ƙarfe 7 na safe a ranakun aiki, ko 9 a ƙarshen mako, kuma ƙarfe 8 na dare a kashe. Maƙwabci ba zai zo ya yi maka magana ba, ƙara zai kai.

Ta hanyar katako na faɗa harkar kiɗa, ba da niyya ba. Wani zauren taron jama'a a kusa da unguwar Footscray da ke yammacin Melbon yana neman dandamalin da za a iya haɗawa a wargaza, aka kawo aikin rumfarmu. Filawud mai kauri milimita 17 muka sa, allo mai 2400 da 1200 muka raba biyu don ya shiga bayan mota, aka yi masa firam da katako mai 90 da 45, tazarar milimita 400, tsawo 300. Gam da sukuru tare, domin ƙusa kaɗai tana saki, dandamali ya riƙa kuka ƙarƙashin mai ganga, makirfo kuma ya ɗauka. Aka lulluɓe da kafet. Da na kai, mai kula da sautin zauren yana neman wanda zai ɗaukar masa sifika, daga ɗauka sai naɗe waya, daga nan sai ga ni a bayan miksa, na'urar haɗa sauti.

Na san a cikin masu karatu akwai wanda zai ɗaga gira. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, ban zo raba gardama ba. Abin da zan faɗa shi ne yawancin kiɗan Melbon a gidajen giya ake yinsa, ni kuma na ja wa kaina layi: zauren jama'a, bikin aure, taron al'ummomi da filin Allah. Ko da wannan layin aikin bai yanke ba, domin Footscray cike take da Habashawa da 'yan Sudan da 'yan Biyetnam, kowa da bikinsa. Garin yana ji da kiɗansa sosai. A farkon 2010 da dokokin lasisin giya suka sa wani tsohon gidan kiɗa a unguwar Collingwood mai suna Tote ya rufe, dubban mutane suka yi zanga-zanga har gaban majalisar jiha a watan Fabrairu. A 2014 jihar Biktoriya, inda Melbon take, ta kafa ƙa'idar cewa wanda ya zo daga baya shi ke da nauyin toshe ƙara: in ka gina gidajen kwana cikin mita 50 daga wajen kiɗa, kai za ka kashe kuɗin kare kunnen masu hayarka. Mai iyali da ba ya son kusantar mashaya yana da Sidney Myer Music Bowl, wani buɗaɗɗen fili da aka buɗe a 1959, inda babbar ƙungiyar makaɗan birnin ke wasa kyauta a watan Fabrairu, ka je da tabarmarka da abincinka.

Aikin sauti kuwa ladabi ne da jeri, shi ma. Miksa ake fara kunnawa, sifiku a ƙarshe, wajen kashewa a juya, in ba haka ba ka ji wani “ɗum” da zai iya fasa sifika. Manyan sifiku su kasance gaba da layin makirfo, suna kallon jama'a. Wannan ƙugi mai huda kunne da ke tashi a taro ba komai ba ne illa makirfo yana jin abin da sifika ke faɗa yana mayar mata. Maganinsa ba ƙara murya ba ne: a rage sifikar da ke gaban mawaƙi, a matso da makirfo kusa da baki, a nemo zangon sautin da ke kukan a rage shi kaɗan, a kuma roƙi mai waƙa ya daina dunƙule kan makirfo a tafin hannu, domin hakan ne ya fi jawo shi. Ana gwada ganguna da farko, sai jita mai kauri, sai sauran, murya a ƙarshe. Kayan tsirkiya irin su kora, wato molon Mandinka mai tsirkiya da yawa, ba su da ƙarfi, ganga ɗaya tana haɗiye su, don haka a nisanta su da mai ganga tun wajen jera kujeru. Zauren da ba kowa yana amsa-kuwwa, da ya cika jikin mutane zai shanye kaifin sautin, sai ka sake gyara a waƙar farko. Kowace waya da ta ratsa hanya a manne ta da tef. Sannan kunne: awa takwas a ƙarar desibel 85 ita ce iyakar da dokar aiki ta yarda, kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, a desibel 100 saura minti 15. Zauren biki yana kai wa can, injin zarto ma haka. Abin toshe kunne ɗaya nake sawa a duka biyun, ji in ya tafi ba ya dawowa.

Ƙwallon ƙasar kuwa ɗana ne ya ja ni. A 2016 da Western Bulldogs, ƙungiyar ɓangarenmu, ta ci kofi karon farko tun 1954, unguwa ta koma ja da fari da shuɗi, tsofaffi na kuka a titi, ni ko a jikina. A ganina taron dambe ne da aka jefa wa ƙwallo. Sai da yaro ya shiga Auskick, horon yara na safiyar Asabar, aka ce iyaye ba sa tsayawa kallo, kowa sai ya kama wani aiki, sannan na koyi dokokin.

A filin kurket ake buga shi, zagayayye mai ɗan tsawo, wanda kan kai mita 185, kuma asalinsa ma an ƙirƙiro shi ne don 'yan kurket su motsa jiki a lokacin sanyi. A 1859 aka rubuta dokokinsa na farko a Melbon. Mutum 18 kowane ɓangare, ba satar gida, ba mai tsaron raga. Ƙwallon na fata ne, dogo mai tsini biyu, in ya faɗi ba wanda ya san inda zai nufa. Kowane ƙarshen fili sanduna huɗu ne, tazarar mita 6.4. Ka buga da ƙafa ya wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya ba wanda ya taɓa, maki 6. Ya bi ta gefe, ko ya daki doguwar sanda, ko wani ya taɓa shi, maki 1. Shi ya sa ake rubuta sakamako da lamba uku: a wasan ƙarshe na 2016 Bulldogs 13.11, jimla 89, Sydney Swans 10.7, jimla 67. Ba a jifa da hannu, sai dai ka ɗora a tafi ɗaya ka nausa da ɗayan. In kana gudu da shi, kowane mita 15 sai ka buga shi a ƙasa. In aka bugo da ƙafa ya yi tafiyar mita 15 ka cafe kafin ya taɓa ƙasa, alƙali zai busa, ba mai taɓa ka sai ka buga, kuma wajen cafkar an yarda ka taka kafaɗar wanda ke gabanka ka yi sama. Wannan ita ce kwalliyar wasan. Ana kama mai ƙwallo tsakanin kafaɗa da gwiwa, ba a tura shi ta baya, in kuma aka kama ka alhali ka samu damar rabuwa da ƙwallon ba ka yi ba, an ci ka. Zubi huɗu ne na minti 20, amma da tsayar da agogo kowane kan kai rabin awa.

Bugun da ake fara koya wa yaro shi ne a riƙe ƙwallon tsininsa na kallon ƙasa, ɗinkinsa na kallon inda ake nufi, a rako shi da hannun da ke ɓangaren ƙafar bugu, a sake shi ƙasa-ƙasa, yatsun ƙafa a miƙe. In ya yi daidai zai tafi yana juyawa da baya, mai sauƙin cafewa. Kuskuren kowane sabon shiga shi ne sakinsa da hannu biyu daga sama, sai ya karkace kafin ya iso ƙafa. Ni aikin da ya faɗo min a ƙungiyar unguwa shi ne alƙalin sanduna: farar riga, tuta biyu. Maki shida ka nuna da yatsa biyu ka kaɗa tuta biyu, maki ɗaya yatsa ɗaya tuta ɗaya, ka rubuta a kati, ka gwada da na ɗaya gefen a kowane hutu. Daga baya bencin 'yan wasa da ƙofar ɗakin sauya kaya duk suka dawo wuyana.

Babban fili shi ne MCG, filin kurket na Melbon, mai cin mutum dubu 100, inda ake wasan ƙarshe, yawanci Asabar ta ƙarshen Satumba. Ƙungiyoyin AFL, babbar gasar ƙasar, 18 ne, goma daga cikinsu a jihar Biktoriya. Magoya bayan ɓangarorin biyu a cakuɗe suke zama, ba shinge. Akwai ɗakin salla a filin, kuma Bachar Houli, Musulmi ɗan asalin Labanan da ya ci kofi uku da Richmond a 2017, 2019 da 2020, yana cikin waɗanda suka yi tsaye aka samar da irin waɗannan ɗakuna. Majak Daw, haifaffen Sudan, ya fara buga wa North Melbourne a 2013, Aliir Aliir kuma a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya aka haife shi. Ba zan ce wasan wankakke ba ne. A 1993 Nicky Winmar, ɗan Aborijin, wato mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, ya ɗaga rigarsa ya nuna fatarsa ga masu zaginsa, kuma a 2015 ihun 'yan kallo ya bi Adam Goodes, shi ma ɗan Aborijin, har ya bar wasa. Tallar caca ma ta yi wa wasan katutu, duk uban da ɗansa ke kallo ya sa ido a wayarsa. Akwai wata rana a watan Yuni da duniyoyina biyu ke haɗuwa, wasan sadaka na Community Cup, inda makaɗa ke karawa da ma'aikatan gidajen rediyon al'umma, ana kiɗa a gefen fili. Ƙwallon da ake bugawa a wurin ba shi da kyau ko kaɗan, jama'a kuwa maƙil.

Zuwa 2019 na samu aikin gyaran injuna a wata masana'antar abinci, mako ya samu fasali: Asabar da safe fili, da dare zaure, Lahadi gida. Sai korona ta zo ta kwashe biyu. Zaure ya rufe, wasan yara ya tsaya, manyan ƙungiyoyin ma aka kwashe su zuwa jihar Kwinslan, har wasan ƙarshe na 2020 a Birisben aka yi shi. Daga 2 ga Agusta aka sa dokar hana fita daga 8 na dare zuwa 5 na asuba, ba a wuce kilomita 5 daga gida, masallatai a rufe. A cikin wannan watan ƙanena ya kira. Tsakaninmu awa tara ne, su suna la'asar mu muna tsakar dare. Ya ce, “Yaya, sai haƙuri. Baba ya cika.” Kafin gari ya waye mana an kai shi makwancinsa. Ƙasar ta hana mazaunanta fita sai da izini na musamman, jiragen dawowa ƙalilan ne, ga killacewar mako biyu a otal da kuɗinka. Na auna aikin da na samu da ƙyar, da yara, da bashin gida, na zauna. Har yau in na tuna wannan shawara ƙirjina yana nauyi, ko da yake Inna da kanta ta ce, “Kada ka taso, addu'arka ta isa.” Zaman makoki ta waya na yi shi, ba wanda ya iya shigowa ya zauna da ni a tabarma.

Da na ji alamun farko na dawowa, wato rashin barci da gudun mutane, ban jira ba, na kira likita aka ci gaba da ganawa ta bidiyo. Ƙofofin cikin gida ne aikin da ya rage wanda ba ya bukatar kowa, tun bayan ɗaga gidan ba wadda ke rufuwa daidai. Na ciro su ɗaya bayan ɗaya. Tazarar milimita 3 a gefe da sama, kimanin 10 a ƙasa. Kafin ka fere ƙofa ka duba hinjinta, sau da yawa sukuru ne ya saki: ka cusa ɗan tsinken katako da gam a ramin, ya bushe, ka mayar da sukuru mai tsawo. In sai an fere, a shafa alli a jikin firam a rufe, inda allin ya kama nan ne kawai za a taɓa, kaɗan-kaɗan. A shafe saman ƙofa da ƙasanta da fenti, wuraren da ido ba ya gani, domin ta nan take shan danshi ta kumbura. Wani lokaci ina yi ina hawaye, yaron yana riƙe min ɗaya gefen bai ce komai ba.

An buɗe iyaka a Nuwamban 2021, a 2022 muka je gida na ziyarci kabarin, na zauna da Inna. Yanzu yaron ya girma yana buga wa ƙungiyar matasa, abin da ya fi damuna kuma shi ne buguwar kai. Robar kare haƙori dole ce, amma ba ta kare ƙwaƙwalwa. Tun 2024 ƙa'idar wasannin unguwa ita ce wanda ya bugu a kai ba zai koma fili ba sai bayan kwana 21 aƙalla, da sahalewar likita, kuma ina cikin iyayen da ba sa ɗaga ƙafa a kan wannan ko wasan ƙarshe ne. A gida saura banɗaki. Gwaji ya nuna bangonsa asbestos ne, don haka muna tara kuɗin masu lasisin cirewa, sai sun gama sun ba da takardar shaida sannan mai famfo ya shiga, ni kuma in biyo baya da tayil.